Bashin Hanya: Abin da Rayuwar Dattijo David Toews Ke Faɗa wa Mai Shirin Tafiya

Ɗana, 'yata, duk wanda ya ɗan tsaya a bakin ofishin fasfo ko a babbar tashar mota a 'yan shekarun nan ya san inda hankalin matasanmu ya karkata. Wannan zai tafi Legas, wancan Agadas da abin da ke bayanta, wata Saudiyya aikatau, wani Turai karatu. Tafiya ba abin zargi ba ce a wurin jikokin fatake. Abin lura shi ne da wuya ka sami wanda ya tashi da kuɗin aljihunsa. Saniyar uwa aka kai kasuwa, ko gonar gado aka jinginar, ko yaya ta kwashe adashenta ta ba da, ko kawu ya tsaya wa yaro a wurin wani mai hali. Sai a isa lafiya, wata shida na farko waya ba ta yankewa, shekara ta zagayo a fara jin ɗuriyarsa jefi-jefi, daga nan sai lamba ta daina shiga. Sau da yawa ba mugunta ce ke kawo haka ba, wahala ce da kunya. Amma sakamakon ɗaya ne: ranar da ƙaninsa ya zo neman a taimaka masa ya tafi, sai ya tarar kowa ya ɗaure bakin jakarsa. Don haka nake so ku san wani dattijo da ya rasu a Kanada a 1947 yana da shekara 77. Ba yarenmu ɗaya ba, ba ƙasarmu ɗaya ba, da yawanku kuma ba addininku ɗaya da shi ba, amma ya kwashe shekara 24 na ƙarshen rayuwarsa a kan wannan magana ta kuɗin da aka ranta don tafiya.

Sunansa David Toews, ana furta sunan kamar "Tebs". Mutanensa Menonawa ne, wani reshe na Kiristoci da ya samo suna daga Menno Simons, limamin cocin Katolika a ƙasar Holan da ya bar cocin a 1536. An san su da abubuwa uku: ba sa yi wa jariri baftisma sai ya girma ya zaɓa da kansa, ba sa ɗaukar makami, ba sa kuma rantsuwa ko a gaban alƙali, don a ganinsu "i" ko "a'a" na mai imani ya isa. Ku riƙe wannan na ukun, don shi ne jarinsu. Tsanantawa ta kore su daga Holan zuwa fadamun kogin Vistula, a Polan ta yau. Daga can Sarauniya Katarina ta Rasha ta gayyace su, suka kafa ƙauyukan Chortitza a bakin kogin Dnieper, a Yukren ta yau, a 1789, wasu kuma daga baya suka zauna kusa da kogin Volga. A can kusa da Volga aka haifi Toews a 1870.

Yana da shekara goma ya fara sanin ƙaura, kuma ƙaurar banza ce. Wani mai wa'azi, Claas Epp, ya shawo kan ɗaruruwan mutane cewa tashin duniya ya kusa, kuma mafakar masu imani tana gabas, a tsakiyar Asiya. Iyalai suka sayar da gonaki masu albarka suka ɗora kaya a kekunan doki a 1880, har da iyayen Toews. Yara da yawa sun mutu a hanya. Wani rukuni daga cikinsu sanyi ya ritsa da su a ƙauyen Serabulak kusa da Samarkand, inda Musulmin garin suka ba su masauki, har suka bar su su yi ibada a cikin masallacinsu, abin da jikokin Menonawa ba su manta ba har yau. Epp ya sa ranar dawowar Almasihu a 1889, ranar ta zo ta wuce, ya ɗaga zuwa 1891. Kafin nan iyayen Toews sun gane an yi musu romon baka, sun juya sun nufi Kansas ta Amurka a 1884. Ku da ake tura wa saƙo a WhatsApp cewa akwai aiki a ƙasar kaza, albashi kaza, ba a bukatar komai sai kuɗin biza, ku dubi wannan da kyau. Mai kiran tafiya da ya fi kowa tabbacin abin da ke gaba shi ya fi cancanta a tsare da tambaya, kuma tambayar farko ita ce wa ya riga ya je ya dawo da bakinsa.

Yaron ya yi karatu a Kansas, ya zama malamin makaranta, ya haura Kanada a 1893, ya ƙare a yankin Rosthern da ke lardin Saskatchewan. Ya yi aure a 1900, ya tara iyali, ya koyar, a 1913 kuma aka naɗa shi shugaban coci, muƙamin da suke kira Ältester, wato dattijo. Da a nan labarin ya tsaya, da malamin ƙauye ne kawai da jikoki za su riƙa tunawa. Sai juyin juya halin 1917 ya zo a Rasha. Yaƙin basasa ya bi ta kan ƙauyukan Menonawa, mayaƙan Nestor Makhno suka karkashe ɗaruruwa a 1919, zazzaɓin kwarkwata ya biyo baya, sannan yunwar 1921 zuwa 1922. Adalci ne a faɗi cewa Menonawan Yukren ba mala'iku ba ne. Da yawansu manyan masu gona ne a tsakiyar talakawan da ba su da ko taƙi, kuma wannan ya ƙara wa wutar mai. Amma mai jin yunwa ba a tsaya yi masa hisabi kafin a ba shi tuwo. 'Yan'uwansu na Amurka suka kafa Mennonite Central Committee a 1920, suka aika da abinci da taraktoci 50. Dubbai kuwa suka ce ba abinci kaɗai suke so ba, fita suke so.

Ga matsalar: ba su da ko sisi, kuma Kanada ta hana Menonawa shiga tun 1919. Aka yi ta kai gwauro a kai mari har gwamnatin Mackenzie King ta ɗage hanin a 1922. Saura kuɗin jirgi. Kamfanin Canadian Pacific Railway, mai jiragen ƙasa da na ruwa, ya ce zai ɗauko su bashi, muddin wani ya sa hannu. An kafa hukumar da za ta kula da zuwan baƙin, Toews ne shugabanta, amma hukumar ba ta da dukiya, shi ma ba shi da ita. Manoman Menonawa da yawa suka ja da baya, suna tsoron kada a wayi gari an kama gonakinsu saboda mutanen da ba su taɓa gani ba, wasu ma suka fito fili suka yaƙe shi. Ya sa hannu duk da haka. Tambayar da ta fi muhimmanci a nan ita ce me ya sa kamfanin da ba ya wasa da riba ya yarda da sa hannun malamin da ba shi da jingina. Amsar tana shekara 50 a baya. A shekarun 1870, lokacin da Menonawa kimanin 7,000 suka zo Manitoba daga Rasha, gwamnatin Kanada ta ranta musu kusan dala 100,000, Menonawan Ontario suka tsaya musu da gonakinsu. An biya wannan bashi da kuɗin ruwansa, aka gama a 1892. Waɗanda suka biya, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya kafin 1922, ba su san sunan ko ɗaya daga cikin masu jin yunwa a Yukren ba. Amma gumin da suka yi suka sauke nauyin shi ya zama tikitin mutum sama da 20,000.

Wannan ita ce maganar da nake so ta zauna muku. Bashin hanya ba tsakanin mutum biyu kawai yake ba. Akwai na uku da ba a gani a wurin, shi ne wanda zai zo neman irin wannan taimako bayanka. In ka biya, ka buɗe masa ƙofa ko ba ka san shi ba. In ka cinye, shi za a hana. Kakanninmu na fataucin goro sun san haka ba tare da sun ji labarin wani Bamenone ba. Baƙo yakan sauka a zangon Salaga ko Kumasi ko unguwar Sabo ta Ibadan, fatoma ya ba shi ɗaki, ya tsaya masa a ba shi kaya bashi, ba takarda ba hatimi, don kawai an san garinsu da gidan da ya fito. Ranar da ɗaya ya gudu da kuɗin mutane, duk wanda ya fito daga garin nan sai ya ɗanɗana kuɗarsa. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Rukunin farko ya sauka daga jirgin ƙasa a Rosthern a watan Yuli na 1923. Sun fito ta kan iyakar Latbiya a taragun ɗaukar kaya, da buhunan gasasshen burodin da suke kira Zwieback, wanda ake busarwa don kada ya lalace a hanya, kamar yadda matafiyinmu ke ƙulla ƙuli-ƙuli da garin rogo. Duk wanda likita ya ga yana da ciwon ido mai yaɗuwa sai a tsare shi a sansani a Jamus ko a Ingila, wani wata da watanni, wani shekaru, kuma kuɗin zaman ana ɗora shi a kan bashin. Zuwa 1930 kusan kashi biyu cikin uku na masu zuwa bashi suka hau jirgi, jimillar kuɗin ta haura dala miliyan ɗaya da rabi, ban da kuɗin ruwa. Suka raɗa masa suna Reiseschuld, bashin tafiya, kalmar da ta shiga kowane gida. Suna cikin fafutukar kafa gona, wadda ita ma yawanci bashi aka saya, sai tattalin arzikin duniya ya rushe a 1929. Farashin alkama ya faɗi warwas, fari da guguwar ƙura da fara suka mamaye filayen yammacin Kanada shekara bayan shekara.

A nan ne za ku ga yadda ake biyan bashi in babu. 'Yan mata, wasu ba su wuce shekara 15 ba, suka tafi Winnipeg da Saskatoon da Vancouver aikatau a gidajen masu kuɗi, albashin yana tafiya kai tsaye ga bashin iyali. Coci ta buɗe musu gidaje a biranen, inda sukan taru ranar Alhamis da yamma, ranar hutun 'yan aiki, su ci abinci tare, su yi hira da yarensu, uwar gidan kuma ta bi kadin wadda aka zalunta. Wani mutum mai suna C. F. Klassen ya shafe shekaru yana yawo a mota daga gona zuwa gona yana karɓar abin da ya samu, ko dala biyu ce. Ba kowa ya biya da daɗin rai ba. Wasu sun mutu, wasu ciwo ya kwantar da su, wasu kuma suna da hali amma suka ce ai kamfani ba zai talauce ba. Daga ƙarshe sai jama'a suka raba ragowar a tsakaninsu, wanda ya riga ya biya nasa ya sake sa hannu a aljihu ya biya na maƙwabcin da ya ƙi.

Na san abin da mai kaifin hankali a cikinku zai ce. Kamfanin nan ba don Allah ya yi ba. Yana da filaye da yake son a noma, yana son alkamar da jiragensa za su ɗauka, ya kuma sa kuɗin ruwa. Me ya sa za a cire yarinya daga makaranta don a cika aljihun attajirai? Maganar tana da nauyi, kuma ba zan ce wahalar 'yan matan nan daidai ce ba. Da manyan da suka ƙi biya sun biya, da nauyin bai sauka a kan yara haka ba, wanda ke nuna cewa bashin da babba ya ƙi biya ba ya ɓacewa, sauka yake yi a kan wanda ya fi rauni a gidan. Amma cewa mai ba da rance ya ci riba ba ya warware alkawari. Lokacin duba sharaɗi shi ne kafin a hau jirgi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Toews bai zauna ya naɗe hannu ba. Ya yi ta zirga-zirga zuwa ofishin kamfanin yana neman a ƙara wa'adi, a rage kuɗin ruwa, kuma an rage. Neman sauƙi fuska da fuska daban, ɓuya daban. Sannan ku tuna, mai binku bashi ba kamfanin jirgi ba ne. Tsohuwa ce da ta sayar da akuyoyinta, wadda ba za ta taɓa buɗe baki ta tambaya ba saboda kara.

Wani kuma zai ce, to sunan kirkin ya hana a rufe musu ƙofa? Bai hana ba. A ƙarshen 1929 Menonawa sama da 10,000 suka yi cincirindo a bayan birnin Mosko suna neman fita. Toews ya roƙi hukumomi har ya gaji, gwamnatin Saskatchewan ta ce ba ta karɓar kowa, ga rashin aiki ga ƙyamar baƙi. Waɗanda suka samu fita, ba su kai 6,000 ba, Jamus ce ta karɓe su na ɗan lokaci, da yawansu suka ƙare a dajin Chaco na Paraguwai da kuma Burazil. Sauran aka cusa su a jirgin ƙasa aka mayar, wasu zuwa Saberiya. Don haka ba zan yaudare ku da cewa riƙon amana laya ce ba. Siyasar ƙasar da ka je ba a hannunka take ba, farashin alkama ba a hannunka yake ba, haka darajar naira ko sefa. Abin da ke hannun baƙo kaɗan ne ƙwarai, kuma cika alkawari na cikin kaɗan ɗin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙofa ta sake buɗewa, hukumar nan ta shigo da wasu dubban 'yan gudun hijira, ta kuma yi hakan ba tare da tsohon bashi yana jan ƙafarta ba.

Akwai ƙorafi na uku da ya fi sauran taɓa zuciya, shi ne na iyali. Mutumin da kullum yana cikin jirgin ƙasa tsakanin Rosthern da Ottawa da Montreal, wa ke riƙe masa gida? Matarsa ce ta riƙe, da ɗan abin da ake samu, kuma ba a cika ambatonta ba in ana yabonsa. A ƙarshen 1926 gobara ta cinye gidansu, ƙaramar 'yarsu ta rasu sakamakon ƙuna, shi ma ya ƙone. Matar ta riga shi rasuwa a 1941. Ba zan ce muku hidimar jama'a ba ta da tsada a cikin gida ba, tana da ita, kuma wanda ya ce zai ɗauki nauyin gari ya fara tambayar matarsa ko za ta iya. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya yi nisa da gida don nauyin da iyalinsa suka san da shi, yana dawowa, suna sanin inda yake da abin da yake ciki, da wanda ya yi nisa don gudun nauyin. Matar ɗan ci-rani tana iya jure shekara biyu ba ta ga mijinta ba. Abin da ke karya ta shi ne rashin sanin ko har yanzu tana da miji, ga masu bashi suna sallama a ƙofar gida ita ce ke fita ba su haƙuri.

To, ɗana, in tafiyar ta kama, ga abin da zan roƙe ka. Kafin ka ɗaura jaka, zauna da wanda ya ba ka kuɗin ku fayyace ko kyauta ce ko rance, don rabin rigimar dangi daga nan take tasowa: shi yana lissafin bashi, kai kana godiyar kyauta. In rance ne a rubuta, a sa shaidu, ko da mahaifinka ne. Ba rashin yarda ba ne, kuma Musulmi ya san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. In ka isa ka tarar abin ba kamar yadda aka faɗa ba ne, faɗi gaskiya tun da wuri. Hoton da ka ɗauka a jikin motar wani ka sa a Facebook shi ke sa a ce ka samu ka hana. Aika kaɗan a kai a kai ya fi jiran ranar da za ka aika da yawa, don ranar ba ta cika zuwa ba, kuma dala biyun manomin Saskatchewan ita ce ta taru ta zama miliyan. Ke kuma 'yata, in kuɗin aikatau ɗinki ne ke riƙe da gida, kina da haƙƙin sanin nawa ne bashin, nawa aka biya, yaushe zai ƙare. Nemi 'yan'uwa mata a garin da kike, ku san ranar haɗuwarku, kada ki zauna ke kaɗai a gidan da ba wanda ya san kina ciki. In kuwa ka dawo ganin gida da salla, fara da ƙofar mai binka kafin ka shiga kasuwar shadda.

A garuruwanmu, kafin a sallaci gawa, akan tashi a yi cigiya: duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa wa magada. Toews ya tsufa da tsoron irin wannan rana, don sunansa ne a kan takardar, kuma ya sha faɗa wa jama'arsa cewa ba ya so ya shiga kabari da ita. Ya ajiye shugabancin hukumar a 1946, jiki ya yi rauni, kunne ya yi nauyi. A watan Nuwamba na shekarar, magajinsa J. J. Thiessen ya je har inda yake ya ɗaga murya ya shaida masa cewa an biya Reiseschuld gaba ɗaya, uwar kuɗi da ruwanta. Da farko bai yarda ba, ya ɗauka lallashinsa ake yi. Da ya tabbata, sai ya fashe da kuka. Ya rasu ranar 25 ga Fabrairu, 1947, wata uku bayan haka.